Farin Garin da Na Zuba a Lambun Malam Isaka

Jama'ar wannan shafi, sallama gare ku, ku gyara zama. Abin da zan faɗa yau sai da na rubuta na goge sau uku, don akwai laifina a ciki, kuma ba ƙarami ba.

Sunana Balkisa. A unguwar Bobiyel ta Yamai nake, gida mai koren ƙofa da ke bayan shagon ɗinkin Babana. Ranar da labarin nan ya fara, kwana goma sha tara ke nan rabon da in ji muryar Abdoulkarim, mutumin da nake so, in ban da wani saƙon murya na sakan arba'in da ɗaya da ya bar mini. Na saurare shi har na san inda yake jan numfashi.

"Balkisa, Baba ya gano. Ya tambaye ni, ban iya yi masa ƙarya ba. Gobe da asuba zan tafi Madawa wurin kawuna, aikin albasa. Ya sa na yi masa alkawari ba zan kira ki ba, ba zan amsa ba, sai ranar da ya sake mini baki. Maganar ranar Lahadi kuma... ki yi haƙuri. Kada ki ɗauka na bar ki. Wallahi ban bar ki ba."

Daga nan sai ƙarar injin ban-ruwa a bayansa, sai shiru.

Lahadin da yake nufi, ita ce ranar da ƙannen mahaifinsa za su zo wurin Babana da goron tambaya. Har Innata, Tabawa, ta sa an wanke babban kafet, ta ari kofunan baƙi a maƙwabta. Lahadi ta zo ta wuce, ta biyu ma ta wuce, kofunan nan suna kan kabad suna kallona.

To me mahaifinsa ya gano? Sai na fara gaya muku aikina.

A gida an san ina aiki a "labo na ruwa", wato ɗakin gwaje-gwaje. Ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce. Inna tana gaya wa ƙawayenta na foyandi, wato taron matan da suke yi gida-gida, cewa 'yarta ce ke duba ruwan famfon da suke sha. Ban taɓa cewa e ba, ban taɓa cewa a'a ba. Gaskiyar kuwa, a bayan gari nake, tashar da motocin yashe salga suke juye kayansu. Duk abin da mutanen Yamai suka rufe ƙofa suka yi, wurinmu yake ƙarewa. In laka ta kwanta a manyan kwaruruwa, ruwan da ya tsiyaye daga jikinta muke ɗiba, mu zuba masa wani gishiri mai suna magneziyom, mu yi ta juyawa a tanki. A hankali sai ka ga wasu fararen ƙwayoyi suna sauka ƙasa kamar tsakin shinkafa. Mu tace su da kyalle, mu shanya a inuwa don rana mai zafi tana ɓata su, mu kai labo a duba ko ƙwayar cuta ta biyo su. Abin da ke cikin garin nan shi ne fosfor, wanda ke sa saiwa ta kama ƙasa, shuka ta yi fure. Shi manoma ke nema a buhunan angire, takin zamanin da ake kawowa daga ƙasashen nesa. In mun bar shi ya bi ruwa ya faɗa kogi, ciyawar nan mai shaƙe bakin kogin Isa ce za ta ci ta ƙoshi.

Ina son aikin nan, ku ji da kyau. Ranar da na fara ganin ƙwayoyin suna sauka a cikin baƙin ruwa, sai da na yi tasbihi. Amma kullum kafin in bar tasha sai na cire botoci da rigar aiki, na yi wanka da sabulu sau biyu, na shafa humra har bayan kunne, don kada Inna ta rungume ni ta ji wani abu.

Garin nan ne ya haɗa ni da Abdoulkarim. Ana bukatar lambun da za a gwada shi, na haye gada na yi ta yawo a lambunan Lamorde da kwalbar garin a jaka. Shi na tarar tsugune yana gyaran tiyo, wando a naɗe, tsohuwar hular saƙa a kai. Ya yi karatun noma a jami'a, ya dawo lambun mahaifinsa. Ya zuba garin a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya dube ni.

"Wannan daga can ya fito? Ai ya fi sukarin shayina fari. Malama, ko dai kin zo gwada mu ne?"

"Tumatirinku na zo gwadawa."

"To ki fara da mai tumatirin."

Wayyo ni. Daga ranar nan kullum da yamma sai na sami dalilin zuwa auna tsawon shuka. Ina riƙe da littafi, yana riƙe da ma'auni, yana faɗin lamba ina rubuta wata daban don hankalina yana kan gefen fuskarsa. Yakan cire ganyen na'ana'a ya murza ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, in riƙe a hannu har Bobiyel.

Ga laifin. Mahaifinsa, Malam Isaka, shekara talatin da ɗaya yana lambu a wurin nan, kuma da abu ɗaya aka san shi: bai taɓa shayar da shuka da ruwan kwata ba. Akwai masu lambu a cikin gari da ke jan ruwan lambatu da rani, kowa ya sani, shi ya sa mata ke jiƙa salati a ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta kafin su ci. Shi kuwa rijiya biyu ya haƙa da hannunsa. Mata na tasowa daga unguwanni masu nisa su zo bakin lambunsa da safe, su ɗauki tumatir su goga a mayafi su ba jikokinsu. Abdoulkarim ya ce mu gaya masa kafin mu zuba. Ni ce na ce a'a. Ni, Balkisa, da bakina.

"In ya ji kalmar salga ba zai saurari sauran ba. Bari ya gani da idonsa tukuna, fangali uku ne kawai."

Da ƙyar ya ce to, don ni ce na roƙa.

Fangali ukun nan suka yi kyau har suka tona mana asiri. Tumatir ya yi nauyi sai da aka ƙara masa sanda. Kwana uku Malam yana tsinka yana sayar wa matan da suka saba saye wurinsa, a rana ta huɗu ya tona gindin ɗaya don ya ga me ya bambanta shi, ya ga fararen ƙwayoyi da ba shi ya zuba ba. Sauran kun ji a saƙon.

Kwana goma sha tara. Na aika masa saƙo sittin da wani abu, duk suna nan da alama biyu masu toka, ba a buɗe ba. Na san ya gani a saman waya, na san shi. Wani lokaci da azahar sai in ga an rubuta yana kan layi, zuciyata ta yi tsalle, in zauna ina kallon kalmar nan kamar ita ce fuskarsa, har ta ɓace. Na daina shan shayi mai na'ana'a. In taksi ya bi da ni kusa da gada sai in juya kaina ɗaya gefen.

Ran nan da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsince zogale, Inna ta jawo kujera ta zauna gabana. In Inna ta ɗaura kallabi ta gaba, magana ce.

"Balki, mutanen nan fasawa suka yi ko hanya ce ta ɓace musu?"

"Wani ɗan uzuri ne, Inna."

"Uzuri har sati uku? Ko gada ta karye ai da sun shigo kwale-kwale. Babanki kunya yake ji ya tambaye ki, ni ba na ji. Gwaggonki ta sake kirana a kan yaron nan Salim. Gidansa a Koira Kano har an sa fanka. Ba wanda zai ɗaura miki wanda ba kya so, amma ba zan zauna ina mayar wa mutane kofunansu ina murmushin dole ba. Nan da Juma'a ki kawo mini magana mai kai da ƙafa."

Ta tashi, ta ɗan tsaya, ta sa hannu a kaina.

"Kin rame fa. Me ya yi miki?"

Ba abin da ya yi mini, Inna, ni na yi masa. A raina na faɗa.

Washegari na nemi izini a sarbis, wurin aikina. Na saka atamfa mai ruwan ƙasa da babban mayafi, ba jan baki, ba kwalli. Na kwashi takardun labo duka, masu tambari da sa hannu, na zuba a jaka. Na tari taksi, muka haye gada.

Na tarar da Malam Isaka a ƙarshen lambu, da buta mai rariya a hannu, yana ban-ruwa. Kun san wace shuka yake shayarwa? Fangali ukun nan. Tumatir ya nuna ya yi jawur, wani ya fashe ya faɗi, tsuntsaye sun huda wani, ba wanda ya tsinka. Amma ƙasar a jiƙe take.

Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ina kwananku."

"Lafiya lau. Ke ce mai garin."

"Ni ce, Baba."

"Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe ku."

"Sun san kin zo?"

Na dubi ƙasa. Ya gyaɗa kai kamar ya ji amsar da yake tsammani. Na zaro takardu, na fara zuba: an gwada, ba ƙwayar cuta, ba guba, ya fi takin shanu tsabta, ga tambari. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ajiye buta.

"Mayar da takardunki, 'yata, ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Kuma wa ya ce miki guba na ce? Tun ina yaro nake ɗaukar kashin shanu a ka. Na tambayi malamai biyu a kan garinki, ɗaya ya ce abin da ya juye ya zama wani abu ya tsarkaka, ɗayan ya ce a dai kiyaye. Ba wannan ya hana ni sukuni ba."

"To mene ne, Baba?"

"Kwana uku ina miƙa wa mata tumatirin nan. Kowace ta karɓa ba ta tambaya ba, don Isaka ne ya miƙo. Da sun tambaya, da na ce abin da na saba cewa, kuma da ƙarya na yi ban sani ba. Ku biyu kun zauna kun yanke cewa ku ne masu ilimi, tsoho ya gani daga baya. To ba ni kaɗai kuka rufe ba. Kun ari bakina kun rufe mata goma sha."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

"Ba laifinsa ba ne. Ya ce a gaya muku, ni na hana."

Karon farko ya dube ni sosai.

"Bai faɗa mini haka ba. Ya ce shi ne."

Hawayen da nake riƙewa suka zubo. Ya kawar da kai ya ba ni lokaci, yana cire wata ciyawa da ba ta dame shi ba.

"Kin yarda da garin nan naki?"

"Na yarda da shi, Baba."

"To me ya sa kike ɓoye shi kamar kayan sata?" Bai jira amsa ba. "Gobe bayan sallar asuba zan tsinke abin da ya yi saura. Zan shimfiɗa buhu biyu a bakin lambu. Ɗaya nawa, ɗaya naki. Ke za ki zauna a bayan naki. Duk matar da ta zo, kafin ta taɓa komai, ki gaya mata daga ina takinsa ya fito, da kalmar da kowa ya sani, ba ta Faransanci ba. Ki gaya mata kuma ta riga ta ci. In kin iya, za mu yi wata magana. In ba ki iya ba, ba na riƙe ki a rai, kowa ya kama gabansa."

Ku gaya mini, masu karatu, da ku ne fa? Shekara biyu ina wanka sau biyu don kada uwar da ta haife ni ta sani.

Na zo. Ƙarfe bakwai saura ina can, sanyin kogi yana shiga ƙashi. Malam ya jera nasa kaya: salati, shu wato kabeji, karas, tumatir matsakaita. Nawa buhun kuwa jawur, manya-manya, kamar suna yi mini dariya. Ya miƙo mini ƙaramar kujera, ya koma ya zauna da carbinsa, bai ƙara dubana ba.

Ta farko wata doguwar mata ce da jakar leda, kai tsaye ta yo wurina.

"Yawwa, irin na kwanaki ya dawo! Malam, ka yi sabuwar 'yar aiki?"

Na ji muryata kamar ta wata.

"Mama, kafin ku taɓa. Wannan tumatirin, takinsa daga ruwan salga aka ciro shi. Ni na ciro, an tace, an gwada a labo. Wanda kuka saya kwanaki ma shi ne. Malam bai sani ba, ni na ɓoye masa."

Hannunta ya tsaya a iska.

"Ruwan me?"

"Salga, Mama."

"Innalillahi! Ɗanye na yanka wa maigida a kan dambu!"

Ta tofar da yawu gefe, ta dubi Malam, ya ce mata, "Gaskiya ta faɗa. Ki yafe mini." Ta juya ta tafi ba ta ɗauki ko ganye ba. Malam ya bi ta da ido har ta sha kwana, carbinsa ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Kafin ƙarfe takwas mata sun taru, har da waɗanda ba sayayya ta kawo su ba. Labari ya riga ya bi layi. Na faɗa sau biyar, na faɗa sau tara. Kowace sabuwa sai sauran su ce, "Ke, tsaya, ki ji tukuna!" su zuba mini ido kamar wasan kwaikwayo.

"Yarinya kyakkyawa haka, da wannan aka tura ki lakwal ki koyo?"

"Ni dai a nuna mini mijin da zai ci tuwon hannun nan."

"Ku bar ta, ƙila na unguwarku ne ya fi ba da yabanya!"

Aka kwashe da dariya. Na ji kamar in tona ƙasa in shige. Amma wani abu ya faru wajen karo na goma: kalmar ta daina ƙona mini harshe. Na ciro kwalbata na buɗe, na zuba a tafin hannu, na ce su shinshina. Biyu suka ja baya, ɗaya ta matso.

"Ba ya wari fa," ta ce, kamar an cuce ta.

Sai ga Hajiya Safiatou. Ko ban san ta ba na ga yadda aka buɗe mata hanya. Bazabarmiya ce, babbar mace, leshi mai ruwan goro, zobe a yatsu uku, Hausarta da ɗan karkace. Shekara ashirin, in ji su, ba ta sayen ganye wurin kowa sai Malam. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta ƙifta ba.

"Jikana wata goma sha ɗaya gare shi. Na matse masa ruwan tumatirin nan a cokali. Kin sani?"

"Ban sani ba, Hajiya. Ba zai cutar da shi ba, na rantse, amma da hakkinku ne ku zaɓa, ni na ƙwace muku. Ku yafe mini."

"Ba zai cutar da shi ba." Ta maimaita a hankali. "Ke likita ce? Ke uwarsa ce?"

Ta juya ga Malam.

"Isaka, kai ka zaunar da ita nan?"

"Ni ne."

"Da ka yi shiru wa zai sani?"

"Ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja tsaki, ta durƙusa da ƙyar gaban buhunsa, ta fara zaɓen salati tana jefawa a kwando da fushi.

"Zuba mini karas. Naka, ba nata ba. Ke kuma," ta nuna ni da karas ɗin, "ban yafe ba tukuna. Sai yaron ya yi wata guda lafiya."

Bayan ta tafi sauran suka bi sahunta, buhun Malam ya fara raguwa. Nawa yana nan yadda yake. Wata tsohuwa ce kawai, mai tallan kopto, kwaɗon ganye, ta ɗauki guda huɗu tana cewa ita ta ga abin da awaki ke ci kuma ba ta daina cin nama ba. Wani maƙwabcin lambu ya zagayo ta baya, ya tambaye ni a hankali ko garin yana yi wa shu, ya ce kada in ce ya tambaya.

Da hantsi ya ɗaga wuri ya watse. Malam ya naɗe buhunsa, ya kakkaɓe, ya zauna. Ni kam mayafina ya jiƙe da zufa duk da sanyi.

"Biyu ba za su dawo ba," ya ce. "Na san tafiyarsu. Ɗayar tun tana amarya take zuwa nan."

"Ku yafe mini, Baba."

"Wannan nawa ne, zan ɗauka. Garinki ba zai ƙara shiga lambuna ba sai ranar da na kafa allo a bakin fangali, kowa ya karanta. Ko zan kafa, ban sani ba." Ya ɗauki carbinsa. "Amma wadda ta zauna nan ta sha abin da kika sha ba ta gudu ba, zan iya barin ta da ɗana. Ki ce wa mahaifinki ƙannena na nan tafe ranar Lahadi bayan la'asar, in ya ba da izini."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga fuskata. Akwai tambaya ɗaya a maƙogwarona, amma ta yaya zan kama sunan ɗansa a gabansa?

"Baba... shi fa?"

"Wa?"

Na ƙara sunkuyawa. Na rantse na ji dariya a muryarsa.

"Albasa ba ta ƙare ba a Madawa, sai ƙarshen wata. Amma in na yi azahar zan kira shi in sake masa baki. Kwashi tumatirinki, ba na son asara."

Ban san yadda na isa titi ba. A taksi na rungume ledar tumatir, waya a tafin hannu, na ƙure ƙararta. Wannan karon da muka hau gada na dubi kogi sosai. Ina ta lissafi: azahar saura awa ɗaya da rabi, sai ya yi alwala, sai ya yi salla, sai ya yi lazimi, tsohon nan lazimin nasa tsawo gare shi. Me zan fara cewa? In ce sannu? In yi fushi? In yi shiru kawai in ji numfashinsa? Na sauka a kasuwa na yi ta zagaye ba dalili, na sayi na'ana'a ɗauri guda, don kada kiran ya same ni a gaban mutanen gida. Aka kira salla, aka idar, shiru. Na gaji na nufi Bobiyel.

Tun daga zaure na ji gidan bai yi daidai ba. Rediyon Inna a kashe. Tana zaune bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, kallabi a ɗaure ta gaba, wayarta a cinya. Daga cikin wayar wata murya ke fita, ƙarama, tana rawa: "...takinsa daga ruwan salga aka ciro shi. Ni na ciro..."

Wata ce ta ɗauke ni bidiyo. Ya shiga rukunin matan foyandi na waya tun kafin in bar Lamorde.

Inna ta kashe. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi.

"Mata bakwai suka kira ni. Ɗaya ta ce in gaishe da mai duba ruwan famfo." Ta dubi ledar hannuna, ta dubi fuskata. "Shekara biyu, Balki. Ina wanke miki kaya ina mamakin sabulun da kike ci. Kin zauna bakin titi kin gaya wa matan da ba su san ranar haihuwarki ba. Ni ce ban kai ba?"

A daidai nan wayata ta ɗauki ƙara.

Ba sai na duba ba, kiɗan da na sa masa shi kaɗai ne. Kwana ashirin da ɗaya. Hannuna ya kai jaka da kansa, na ciro, ga sunansa yana haske, ga hotonsa da hular saƙar nan. Yatsana yana kan koren wurin. Duk jikina yana cewa ɗauki.

Inna ba ta ce ɗauki ba, ba ta ce bari ba. Kallona kawai take, idonta ya cika.

Na kifa wayar a kan tabarma tana ta kuka. Na ajiye leda, na cire takalmi, na durƙusa har gwiwata ta taɓa tata.

"Inna, wanda ke kira zai jira, ya iya jira. Ku ba ni hannunku."

Ta yi jinkiri, sannan ta miƙo. Na buɗe kwalba na zuba mata farin garin a tafi.

"Wannan shi ne aikina. Bari in gaya muku daga inda motocin suke shigowa."